Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Kwanan nan mantuwa ta yi mini yawa. Sai in yi ta neman ludayi a madafa, ina faɗa da yara, alhali yana hannuna. Amma akwai rana guda da ba zan manta da ita ba har a binne ni, ranar da na ɗaga murya a tsakiyar kasuwar Garwa na kira sunan 'yar farina. Wanda ba namu ba zai ce, to mene ne abin labari a nan? Ku yi haƙuri ku ji.

Mu Hausawan Garwa ne. Fatauci ya kawo kakanninmu daga Nijeriya, suka ga kogin Binuwai suka sauke kaya. Abubuwa da yawa sun suɓuce mana, yaranmu ma yanzu Hausa da Fillanci da Faransanci suke cakuɗawa a magana guda, amma kunyar ɗan fari muna riƙe da ita gam, zama da Fulani ma sai ya ƙara mata ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta jerawa da shi a hanya. Tawa "ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce "yarinyar nan". Ana yaye ta mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta kamar yadda aka saba. Ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma Adda, don haka ta ji ƙannena suna kirana. Ni kuwa na bi maigidana Kolofata, can bakin iyaka, inda yake sayen albasa da wake yana loda wa manyan motoci. Sai da sallah nake ganinta.

A Kolofata na yi ta haihuwa ba sa tsayawa, sai can daga baya Allah Ya bar mini namiji guda. Wannan kam ba kunya tsakaninmu, na shagwaɓa shi son raina. Kullum yana gindina a bakin hanya inda nake tuyar ƙosai da safe, yana satar na gefen faranti ina yi kamar ban gani ba.

A shekarun nan ne mutanen daji suka fara aiko da yara mata da bam a jiki. Wata safiya ina tuya sai ga wata yarinya, ba ta fi shekara goma sha uku ba, da hijabi ruwan toka har ƙasa. Ƙafafunta sun yi butu-butu da ƙura, leɓɓanta sun tsattsage. Ta tsaya nesa kaɗan ta ce a taimake ta da ruwa. Tausayinta ya kama ni. Na ɗebo a moɗa na ba yarona na ce, "Maza kai mata." Kafin ya isa ta juya ta nufi rumfar mai shayi inda maza suka taru, shi kuma ya bi ta da gudu yana cewa ga ruwan, ga ruwan. Na sunkuya zan juya ƙosai. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ba su bar ni na ga abin da aka tattara aka rufe ba. Moɗar kawai wata maƙwabciya ta kawo mini, ta lotse gefe guda. Kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai.

Bayan sadakar arba'in muka kwashe abin da ya saura muka dawo Garwa, gidan Inna. Muna sauke kaya a tsakar gida sai na ji gudu daga zaure. 'Yata ce ta taso daga Islamiyya, ta ji an ce Adda ta zo. Ta yi tsawo, ita ma shekarunta sun kai na waccan, ga hijabi har ƙasa yana kaɗawa. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a tsugune bayan randa, hannuwana a ka, ina salati. Kowa ya ce zafin rashi ne, zai wuce. Yarinya ta tsaya tsakiyar gida da murnarta a fuska, ba ta san inda za ta kai ta ba.

Ga abin da nake so ku gane. In mata sun zo gaisuwa suna tsine wa yarinyar da ta tashi bam ɗin, ni ce mai tare musu baki. Nakan ce, "Ku bar ta, ita ma 'yar wasu ce, ɗaura mata aka yi." Kuma ba munafunci nake ba, har zuciyata haka na yarda. Amma jikina bai san wannan karatun ba. Da na hango yarinya mai wannan shekarun da dogon hijabi, kafin in yi tunanin komai gabana ya faɗi, bakina ya yi ɗaci, idona ya tafi kan hannuwanta da ƙugunta. In na hau moto, wato babur ɗin haya, muka doshi makaranta an tashi yara, sai in daki bayan mai moton in ce ya sake hanya. Jikin nan bai ware tawa daga cikinsu ba. In ta shigo ɗaki sai in fita. In ta miƙo mini abu sai in ce ta ajiye a ƙasa. In ta zauna a tabarma sai in tuna ina da aiki a madafa.

Abin takaici, ba wanda ya ga aibin haka, yabo ma nake sha. Wata dattijuwar Bafulatana maƙwabciyarmu har tafa hannu take tana cewa, "Kai, wannan ita ce mai semtende! 'Yan zamani har rungumar ɗan fari suke yi a gaban surukai, ita kuwa ko inuwar tata ba ta takawa." Semtende ita ce kunya a bakinsu. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in karɓi yabon, don ya fi mini sauƙi a ce kunya ce. Maigidana kaɗai ya lura ba na samun barci, ya ce ko a kai yarinyar Ngawundere wajen ƙanwarsa, ta zauna can har ta yi aure, hankalina ya kwanta. Ban ce to ba, ban kuma ce a'a ba. Alhali yarinyar nan kaɗai ta rage mini a duniya.

Yaro ba wawa ba ne. A lokacin, ko a Garwa da abin bai iso ba, tsoro ya cika gari. Ƙofar kasuwa da ta masallacin Juma'a duk an sa 'yan banga, mace ta zo sai su tsayar da ita daga nesa, ta ɗaga mayafi, ta juya, ta nuna tafin hannu, sannan ta wuce. Wata rana bayan la'asar ina ɗaki ina tsintar shinkafa sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Na ɗaga kai. 'Yata ce da kofin kunu. Ta durƙusa ta ajiye kofin a ƙasa, ta miƙe, ta kama hijabinta da hannu biyu ta ɗaga har kafaɗa, ta juya a hankali na ga bayanta, ta juyo ta buɗe mini tafukan hannunta. Sannan ta ce, "Adda, Inna ta ce in kawo miki. In shigo?"

Ba wanda ya koya mata, da kanta ta gano abin da uwarta ke bukata. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, da ta yi hakan sai na ji sanyi ya sauko mini, numfashina ya daidaita. Na ce, "Shigo." Ashe Inna tana tsakar gida tana kallon komai.

Da yarinyar ta fita Inna ta shigo ta zauna a bakin gado. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi sai ta taɓa ƙashi.

Ta ce, "Ni ma na yi kunyar ɗan fari, a kan yayanku. Mai kunya ƙasa take kallo. Ke hannunta kike kallo."

Ni da ma bakina ba ya shiru, na taso mata. "Haba Inna! Ni na haife ta fa. Za a koya mini son 'yata ne?"

"Bakinki yana sonta, na sani. Da jikinki nake magana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba wanda zai ga laifinsa. Amma wannan tsumman numfashi yake, yana kuma kuka a bayan ɗakina kullum. Ɗaya bam ya ɗauke miki. Ɗayar ke za ki kai tasha da hannunki?"

Na fashe da kuka na ce to yaya zan yi, na sha rubutu har cikina ya gaji, ƙwayoyin asibiti kuma barci kawai suke sa ni. Ta ce ita ba malama ba ce, ba likita ba ce, abin da ta sani guda ne: daga wannan makon ta daina yi wa yarinyar kitso, hannunta ya gaji, ni zan riƙa yi. Ta kuma sami maigidana ta ce a ɗaga maganar Ngawundere sai bayan babbar sallah. Ya amince.

Ranar farko, wayyo Allah. Yarinya ta zauna tsakanin gwiwoyina ta ba ni baya, ba hijabi, daga ita sai ɗaurin ƙirji, don kada in ji tsoro. Duk da haka da ƙyar na ɗora kibiyar tsaga a kanta. Zufa ta jiƙa ni sharkaf. Ban kai tsakiyar kai ba na tashi na je bayan gida na yi amai. Na dawo na tarar ba ta motsa ba, wuyanta a sanƙare kamar mai jiran yanka. Inna tana gefe da 'yar rediyonta a kunne, ko kallonmu ba ta yi, ta ce, "Ku ƙarasa. Rabin kai ba ya kwana." Kitson da na yi ranar, ko mahaukaciya ba za ta fita da shi ba, amma yarinyar ta ƙi yarda a tsefe.

Haka muka yi ta yi duk Alhamis. Ba zan ce muku sauƙi ya zo a jere ba. Wani makon lafiya, wani makon kamar ba a taɓa farawa ba. Akwai ranar da tayar wata mota ta fashe a titi, na hankaɗe ta da ƙafa har goshinta ya bugi turmi. Ta tashi tana ba ni haƙuri, ita da aka ji wa ciwo. Amma a hankali na fara sanin kan da ke hannuna. Akwai tabo a bayan kunnenta, ta ce daga bishiyar mangwaro ta faɗo, ni ban ma taɓa jin labarin ba. In na taɓa ƙeyarta sai ta noƙe tana dariya, irin dariyar ƙanenta sak. Gashinta yana shan man kaɗanya kamar nawa. Tana da surutu ashe, malaminsu kaza, ƙawarta kaza, har in ce, "Ke, rufe mini baki, kin cika ni." Wata rana barci ya kwashe ta, ta jingina kai a cinyata, yawunta ya jiƙa mini zane. Na zauna ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Daga nan Inna ta ƙara wani sharaɗi. Ta ce yarinyar ta riƙa zuwa da hijabinta a jiki, ni zan cire mata da hannuna. Wannan ma sai da na sha wuya, don sai na matso kusa, na sa hannu a ƙarƙashinsa ban san abin da ke ciki ba. Abin da nake tararwa kullum guda ne, 'yar siririyar yarinya mai ɗumin jiki da ƙamshin sabulu. Ran nan ina shanya kuɓewa ta zo ta bayana da hijabinta, na ce, "Ke, kin taka mini shanya!" Sai da ta wuce na ankara cewa gabana bai faɗi ba. Duk da haka ban yarda da kaina ba, ban ce wa maigidana komai ba, sallah kuwa tana ta matsowa.

Ana saura 'yan kwanaki sallah rediyon Inna ta daina magana. Tsohuwar rediyo ce, murfin baturinta ya daɗe da ɓata, sai aka ɗaura manyan batura a bayanta da roba, aka ja wayoyi biyu aka haɗa. Inna ba ta iya wuni ba ta ji labarin Arewa Mai Nisa, yankin da muka baro, ba, ta ce tunda za ni kasuwa, yarinyar ta bi ni ta kai wa mai gyara. Muka tafi, tana gaba ina baya da tazara, yadda uwa da 'yar fari suke tafiya. Damina ce, aka fara yayyafi, sai ta cusa rediyon cikin hijabi kada ta jiƙe. Muka shiga ta lungun masu kifi, inda ba a tsayar da kowa. Na tsaya taya kifi, ita ta yi gaba.

Ina cikin ciniki na ji wata murya ta tsaga kasuwa: "Kamikaz! Kamikaz!" Haka ake kiran masu tashin bam a nan. Kasuwa ta yamutse. Tire, tumatir, takalma, yara, kowa yana tattaka kowa. Mai kifin da nake magana da ita ta bar kifinta ta arce. Ni ma na juya tare da mutane, sai wata mata da ta bangaje ni ta ce, "Yarinya ce, ga waya nan tana leƙowa ta ƙasan hijabinta!"

Na waiga. Fili ya buɗe tsakiyar kasuwa, ba kowa a ciki sai 'yata, tsaye cikin yayyafi. Maza sun ja baya sun kewaye ta daga nesa, suna yi mata ihu da Fillanci da Faransanci ta ɗaga hannu. Ta ɗaga guda, ɗayan yana riƙe da rediyon Inna a ciki, tana tsoron ta sake ta ta fashe. Ga jar waya nan tana lilo a gwiwarta. Duwatsu suka fara sauka. Can gefe na hango wani jandarma, jami'in tsaro, ya durƙusa bayan buhunan gero ya saita bindiga. Na zauna a Kolofata, na san ba a matsawa kusa a tambaya.

Yarinya mai shekara goma sha uku, dogon hijabi, waya a ƙasa, mutane suna gudu. Duk abin da jikina ya haddace ya taru a wuri guda. In da a ranar da muka dawo ne, da ina ƙarƙashin teburin mai kifi. Ban yi shawara da zuciyata ba, ban ce bari in yi jarumta ba, ƙarya ne in na ce na yi tunani. Na dai ji iska tana dukan fuskata, ashe gudu nake, kuma wajenta na nufa. Wani ya cafki mayafina na bar masa shi. Sai na ji wata murya tana kiran sunan 'yata, da ƙarfi, tana maimaitawa, har maƙogwaro yana tsagewa. Muryata ce. Tun ranar da aka raɗa mata sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba.

Na isa na rungume ta, na fizge hijabin kamar yadda na saba yi duk Alhamis. Rediyo ta faɗi, batura suka gangara cikin taɓo. Na juya bayana ga jandarman ina ihu, "Rediyo ce! 'Yata ce! Ni na haife ta!" Wani dutse ya same ni a kafaɗa. Daga nan kasuwa ta yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Da na ɗago fuskarta sai na ga jini. Tun kafin in iso dutse ya riga ya same ta a idon hagu.

Jandarman nan shi ya tsayar da mota ya kai mu asibiti. Idon bai dawo ba. Ba a kama kowa ba, wa za a kama? Maigidana ya yi ta tsinuwa, ni kuwa na buɗe baki zan taya shi na kasa. Na san abin da ya ɗaga hannuwan mutanen nan. Shi ne ya tsugunar da ni a bayan randa. In ka tare su ɗaya-ɗaya ka tambaya, kowa zai rantse maka ba ya ƙin 'ya'yan mutane, kuma gaskiya zai faɗa.

Da ta farfaɗo, rabin fuskarta a naɗe, ina zaune a gefen gadon riƙe da hannunta a gaban Inna da kowa. Ta daɗe tana kallona da ido gudan. Na zaci za ta ce ciwo, ko ta tambayi rediyon. Sai ta ce a hankali, "Adda, ashe kin san sunana."

Ranar da aka sallame mu maigidana ya fara, "To, maganar Ngawundere..." Na ce, "Malam, in za ka kai ta tasha, ka yanki tikiti biyu." Bai sake tayar da zancen ba.

Yanzu ta yi aure a nan Garwa, da 'ya'yanta. Sunanta nake kira gatsau, a gida da waje, matan unguwa suna cewa ba ni da kunya. Su yi ta faɗa. In na ga 'yan Islamiyya sun taso da hijabansu, yara kawai nake gani, masu faɗa a kan alawa.

Abin da na koya shi ne, akwai hukuncin da jiki yake yankewa a kan mutane tun kafin hankali ya farka, kuma kyakkyawar magana ba ta goge shi. Rana guda ta isa ta dasa shi. Cire shi kuwa sai an zauna kusa da abin da ake gudu, an taɓa shi, an koma an sake taɓawa, har jiki ya koyi wani karatun. Yana canzawa, ni shaida ce. Sai dai kada mutum ya ɓoye shi a bayan al'ada ko kunya yana jiran ya wuce da kansa, don duk ranar da ka ƙara kana jira, akwai wanda yake koyon yadda zai zauna da tsoronka. Ni na warke. Amma har yau in 'yata ta zo gaishe ni, da goyonta a baya, sai ta tsaya a bakin ƙofata ta yi gyaran murya, ta buɗe tafukan hannunta ba ta ma san ta yi ba. Ni kuma sai in tashi in kama hannuwan, in kira sunanta, in jawo ta ciki.